Kaurar Malam Isiya a Kan Allo

To, ku ajiye wayoyin nan tukuna, ku matso. Jiya na ji ɗayanku a bakin ƙofa yana faɗa wa abokinsa wai aikin ɗab'i yanzu ba aiki ba ne, ka zana a kwamfuta, ka danna, inji ya tofo. Na ji sarai, ban tanka ba don ina da baƙo. Yau kuwa babu baƙo. Ni Garba, da kuke ce wa Baba mai ɗab'i, furfurar nan a cikin warin tawada ta fito mini a garin nan na Funtua, amma har gobe in aka kawo mini aiki mai kala sai na ji gabana ya faɗi. Ku da ba ku taɓa zubar da takarda rim guda a kwandon shara ba, ku ne ba ku tsoro.

Aikin farko da maigidana Malam Tukur, Allah ya jiƙansa, ya bari na sa wa hannu, 'yan katunan da ake ɗaura wa buhun auduga ne. Kore na auduga mai kyau, ja na wadda ta biyo baya. Ya ba ni gilashin da ake kwaɓa tawada a kai da wuƙar kwaɓawa, ya ce in haɗa masa kore. Na ɗebo shuɗi, na ɗebo ruwan ɗorawa, na yi ta murzawa har kafaɗata ta ƙage. Na ga ya yi, na kai masa ina jin kaina. Bai ko duba ba. Ya shafa kaɗan a takarda, ya ce in biyo shi. Muka fita rana, ya ce in duba. Muka koma ƙarƙashin darbejiya, ya ce in duba. Muka shiga zauren maƙwabta mai duhu-duhu, ya ce in sake dubawa. Wallahi kore iri-iri na gani, alhali takarda ɗaya ce a hannunsa. Ya ce, "Garba, wanne ka haɗa mini a ciki?"  Ya ce, "Kafin ka haɗa kala, tambayi inda za a kalle ta. Katin nan a rumfar awon auduga za a karanta shi, ba a shagonmu ba."

A wancan zamani, in za a yi aiki mai kala, sai an yi farantin bugu huɗu da ake ɗaura wa inji, kowace tawada da nata: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ruwan ɗorawa da baƙi. Duk kalar da kuka gani a takarda, daga fatar mutum zuwa ganyen masara, waɗannan huɗun ne suka hau kan juna. Sai an ɗaura farantan, an wanke inji, an buga gwaji, sannan a ba ni takardar in hau keke ko motar kasuwa in kai wa mai aiki, ko yana Bakori ko yana Malumfashi. In ya ce ta yi, alhamdu lillahi. In ya ce jan ya yi yawa, sai a dawo a sake faranti, takarda ta tafi, wuni ya tafi. Wahala ce, ban ce ba wahala ba ce. Amma abin da mutum ya gani a hannuna shi za a buga masa, babu ja-in-ja.

Sai kwamfuta ta zo, mai allo mai ƙeya, wanda mutum biyu ke ɗauka suna nishi. Bayanta aka kawo wannan falan-falan ɗin marar ƙeya, wanda kuke ce wa sikirin. Ranar da na fara nuna wa mai aiki kalandarsa a kan allo, tun ba a taɓa faranti ba, ya ce a ƙara nan a rage can, na gyara yana zaune, sai da na yi wa Allah godiya. Ba na cikin tsofaffin da ke zagin sabon abu. Amma ku riƙe wannan: allo haskensa daga cikinsa yake fitowa, takarda kuwa aron haske take yi. Akwai shuɗin da allo zai nuna maka, ka yi ta kwaɓa tawada har Mahadi ba za ka same shi ba. Mai aiki ya ga abu yana walƙiya, ya tafi gida da shi a ransa, ya dawo ya tarar da takarda, ya ce ka cuce shi. Aikinmu shi ne mu hana allo yi wa takarda alkawarin da ba za ta iya cikawa ba.

Katin bikin wata Hajiya daga Malumfashi shi ya sa na daina karɓar amincewa ta waya. Tana aurar da ɗanta, tana son katin ya dace da atamfar anko. Aka turo mini hoton atamfar, na haɗa, na tura. Ita a wayarta ta ga ruwan hoda, ƙanwarta a tata wayar ta ga ja, direbansu ya ce shi ruwan goro yake gani. Suka kira ni su duka a layi ɗaya, kowa na rantsuwa. Na ce, "Hajiya, don girman Allah a yanko mini ƙyalle ko kamar tafin hannu ne, a ba motar Funtua." Ta ce ni dai na cika tsirfa. Ƙyalle ya zo, na ajiye shi gefen allo, na daidaita, na buga. Har yau in ta aiko aiki da ƙyalle take haɗowa, kuma har yau ba ta daina ce mini mai tsirfa ba.

Ku dubi ɗakin nan da muke duba kala. Kun ɗauka talauci ne ya sa na shafa masa fenti ruwan toka? Bango mai kala yana zuba kalarsa a allo. Labulen nan mai kauri don kada rana ta shigo ta sa baki ne. Ƙwan fitilar can fari ne tas irin hasken hantsi, ba mai ja-ja ba. Wannan rumfar baƙin kwali da na kewaye allon da ita, ni na yanka ta da hannuna. Ga ɗan ma'aunin kala, kamar gwangwanin man shafawa, ana rataya shi a fuskar allo, allon ya yi ta fito da kaloli shi yana karantawa, har ya gyara inda ya kauce. Allo yana tsufa kamar idon mutum, sai ana auna shi a kai a kai. Kuma ba a kunna shi a hau duba kala nan take, sai ya ɗan yi ɗumi ya natsu. Haskensa ma ragewa ake yi, har farinsa ya yi daidai da farin takardar da za a buga a kai. Ku kuwa kullum ƙure shi kuke yi kamar fitilar mota. Waccan riga ruwan toka da ke rataye a ƙusa, ta masu kawo aiki ce. Mutum ya shigo da shadda shuɗiya ya zauna gaban allo, rigarsa ta haska a ciki, ya ce hotonsa ya yi shuɗi.

Saura kujera. Kun ga ƙusoshin da na kafa a ƙasa don kada ƙafafunta su gusa. Allo mai tsada, ko ta ina ka kalle shi kalarsa ba ta cika sauyawa ba. Amma irin na gwanjo da yawancinmu ke iya saye, sai ka fuskance shi ido da ido. Ka miƙe tsaye ka leƙo shi daga sama, kala ta koɗe. Ka durƙusa ka kalle shi daga ƙasa, ta yi duhu ta rine. Mai ƙeyar nan na da, da duk nauyinsa, bai da wannan hali. Shi ya sa doka ta a shagon nan ita ce, wanda zai ce kala ta yi, shi zai zauna a kujerar nan. Na daɗe ina ganin dokar ta ishe ni, sai a muguwar shekara.

Kun san shekarar da nake nufi, wasunku a lokacin iyayenku suka shigo gari. Mutanen ƙauyukan yamma suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, wasu da abin da ke jikinsu kawai. Biki ya ragu, makarantun ƙauye da muke buga wa takardun jarrabawa suka rufe, takarda ta yi tsada, inji ya kwana ya wuni a lulluɓe. Masu ɗab'i da dama a garin nan suka sayar da kayan aiki, wani ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku. Ni kullum sai in buɗe shago, in share, in shafa wa inji mai, in zauna. Ba na son tuna shekarar nan.

A ƙarshen bazararta, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ga Alhaji Lawal, shugaban wata ƙungiyar manoma ta wajen Dayi. Na san shi, mutumin kirki ne, sai dai akwai gaggawa. Bayansa wani dattijo ne siriri, da 'yar shara wadda ta sha wanki. Alhaji ya shigo ya zauna a kujera. Dattijon ya tuɓe takalmansa tun daga waje, ya shigo da sallama, ya durƙusa a gindin tebur.

Alhaji ya ce, "Malam Garba, wannan Malam Isiya ne, daga wani ƙauye bayan Mahuta. Yanzu yana wurina, na ba shi ɗaki shi da iyalinsa. Aiki muka kawo, kuma na gaggawa ne."

Ga yadda abin yake. Malam Isiya yana da irin dawa, kaura, wadda ya gada daga mahaifinsa. Kowace kaka shi da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarniyar da za a ajiye, tun yana saurayi. Tana nuna da wuri, ba ta kwanciya in iska ta taso, ciyawar ƙuduji ba ta cika cin ƙarfinta ba. Tsofaffin manoma da ke cin kasuwannin yamma sun san ta, kuma da kalarta suke gane ta, don ba ta yi kama da kaurar kowa ba. Daren da suka gudo, ya bar awaki, ya bar rumbu, ya ɗoro buhunan irin nan a amalanke. Yanzu ba shi da gona ko ta shimfiɗa tabarma. In damina ta wuce ba a shuka irin ba, ƙarfinsa zai ragu, ko yunwa ta sa a ci, shi ke nan an gama da shi a duniya. Dabarar Alhaji ita ce a ƙulla shi a ƙananan ledoji, a manna takarda mai hoton zangarniyar, a kai kasuwar Dayi da ta Funtua da Malumfashi, manoma su ɗauka su shuka.

Na ce, "Madalla. A ba ni zangarniya ɗaya, ko tsaba cikin tafi, in ajiye gefen allo."

Alhaji ya sosa ƙeya. Ashe da suka ga ƙwari sun fara shiga, ya sa an zuba wa irin maganin nan mai jar hoda, an cuɗe shi duka. Ko ka wanke, jan ya riga ya kama fatar tsabar. Manomi zai buɗe leda ya ga abu ja wur, ba zai san ko kaura ce ko jar dawa ba. Hoton da ke jikin ledar shi kaɗai ne shaida. Hoton kuwa guda ɗaya ne, 'yar Malam Isiya ta ɗauka da waya a gonarsu a kakar ƙarshe, da yamma, rana ta yi ja, kalar duk ta gurɓace. In na buga ta da duhu, a ce jar dawa ce. In na buga ta a koɗe, a ce kaurar da kowa ke da ita a rumbu ce, wa zai ba ta wuri a gonarsa a shekarar da kowa ke tsoron asara? Ainihin kalar dawar nan ba ta ko'ina a duniya sai a idon dattijon da ke durƙushe.

Na sa hoton a allo, na cire jan yamma, na kawo shi inda nake zaton kaura take. Na miƙa wa Alhaji rigar toka ya yafa a kan shaddarsa. Ya duba ya ce, "Yauwa! Ai ga kaura nan. Malam Isiya, ko ba haka ba?"

Dattijo ya ɗaga kai daga inda yake, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Alhaji ya fi ni gani."

Na san wannan amsa. Duk wanda ya yi hulɗa da mutanenmu ya san ta. Na ce, "Baba, ba Alhaji ya noma ta ba. Don Allah faɗi abin da ka gani."

Ya sunkuyar da kai. "To, ranka ya daɗe, ta yi duhu. Kamar jar dawar da ruwa ya doka a dami."

Alhaji ya ce, "Duhu? To Malam Garba, ƙara mata haske."

Na ƙara, da gangan na ƙara da yawa, don ina son su gani da idonsu. Alhaji ya ce, "Haba, wannan ai ta zama farfara!" A daidai lokacin Malam Isiya ya ce, "Yauwa, ta fara zuwa."

Alhaji ya juyo ya dube ni. Ya matso kusa da kunnena, ya rage murya, wai tun abin da ya same su dattijon bai cika daidai ba, ga ido ya yi rauni, in mayar da ita yadda take da farko in buga kawai, ruwa na iya sauka kowane lokaci. Ba da mugunta ya faɗa ba, tausayi ne da gaggawa. Amma dattijon ya ji. Na ga yadda ya kama gefen rigarsa yana murzawa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Mutum ya rasa gida, ya rasa gona, yanzu kuma a ce idonsa ma ba nasa ba ne.

Na ce, "Alhaji, alfarma ɗaya nake roƙo. Sunkuyo ka kawo kanka daidai inda nasa yake, ka dubi allon."

Ya tattare riga, ya sunkuya. Sai na ji ya ce, "La'ilaha illallahu!" Ya ɗago ya duba, ya sake sunkuyawa. Ya ce, "Malam Garba, wannan wane irin abu ne? Daga nan wata dawa, daga can wata dawa."

Na ce, "Halin allon ke nan. Ku duka gaskiya kuka faɗa. Wanda ya san kalar shi zai hau kujera."

Alhaji ya miƙe nan take. "Malam Isiya, bisimilla."

Dattijo ya ja da baya har ya bugi bango. "Subhanallahi! In zauna kana tsaye? Allah ya kiyaye."

Alhaji ya ce to zai fita waje. Malam Isiya ya ce ko ya fita, kujerar da mai gidansa ya tashi a kai ba wurin zamansa ba ce. Na ce a kawo wata kujerar su zauna tare. Ya ce kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ya ba shi ɗaki, yana ciyar da jikokinsa? Ba a yi masa wannan tarbiyya ba. Muka yi lallashi, Alhaji har da rantsuwa, dattijo ya ƙi. Kada ku yi dariya. Ku ba ku san abin da ake ji ba in mutum ya wayi gari a ɗakin aro. Ladabin nan shi ne abin da ya rage masa wanda ba a ƙwace ba, ni kuwa ban ga dalilin da zai sa in ƙwace shi saboda dokar shagona ba.

Sai na kashe allon. Na zare wayoyinsa, na shimfiɗa tabarmar sallata a ƙasa, na jera rim ɗin takarda, na ɗora allon a kai, na auna da idona har tsakiyarsa ta yi daidai da fuskar mutumin da ke zaune a ƙasa. Na mayar da rumfar kwali, na sauko da fitila, na kunna. Tunda ya motsa, na sake rataya masa ma'auni, muka jira ya natsu. Alhaji yana ta duban ƙofa yana sauraren iska. Da na gama na ce, "Baba, matso nan tsakiya."

Ya matso. Alhaji ya dubi kujera, ya dubi tabarma, sai ya naɗe ƙafa ya zauna a gefe. Na ga Malam Isiya yana mutsu-mutsu, yana neman inda zai yi ƙasa da haka. Alhaji ya dafa gwiwarsa ya ce, "Malam, haƙuri za ka yi, babu ƙasa da ƙasa."

Daga nan aiki ya fara. Na mayar da hoton yadda na fara haɗa shi. Dattijo ya duba ya ce, "A'a, wannan kaurar kasuwa ce. Tawa ta fi ta cika." Na ƙara ruwan ɗorawa. Ya ce, "Ƙara." Na ƙara. Ya ce, "Yanzu ta yi kamar ɗanyen man shanu. Tawa tana da ɗan ja a ciki, amma ba a fuska ba, can ƙasa-ƙasa, kamar gwaiduwar ƙwan zabo." Na sa ja kaɗan. Ya ce ya yi yawa. Na rage. Ya ce gindin tsabar, inda take zaune a cikin ƙaiƙayi, ya fi haka duhu. Mutumin da ɗazu ba ya iya haɗa ido da kowa, sai ga shi yana ba ni umarni kamar yana gonarsa, har da "A'a, a'a, koma baya." Ni kuwa ina lura da gefe guda, kada mu kai kalar inda tawada ba za ta iya binmu ba. Muna cikin haka sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya."

Na ɗauke hannuna.  Ya miƙa yatsa kamar zai taɓa allon, ya fasa.

Ya ce, "Ita ce. Haka take in an yanke ta an shanya a kan kara." Sannan ya ce, "Wancan itacen da ya fito a bayan hoton, ɗorawar kan iyakarmu ce." Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Alhaji ya kawar da kai. Ni ma na sami abin yi da wayoyin da ke bayan allo.

Duk da haka ban hau bugu ba. Na yi faranti, na buga gwaji, na jira tawada ta sha iska, don ɗanyar tawada ta fi busasshiya duhu. Na ba shi takardar muka fita rana. Ya ce ita ce. Muka je rumfar mai kayan miya da ke lulluɓe da shuɗiyar tamfol, irin rumfunan da za a sayar da irin a ciki. A nan ta ɗan yi kore-kore, muka dawo na ƙara ɗigon ja yadda za ta tsaya a rana ta tsaya a rumfa. Da na tambayi sunan da za a rubuta, Alhaji ya ce a sa Kaurar Malam Isiya. Dattijo ya ce a'a. Waɗanda suka kore su suna shiga kasuwanni, ba ya son a bi suna a zo gidan Alhaji. Aka rubuta Kaura kawai, da sunan ƙungiya. Ni na tsaya a kan inji da kaina, ina zaro takarda a kai a kai ina gwada ta da wadda ya amince da ita, har aka gama. Ledojin suka shiga kasuwa, ruwan shuka ya sauka a bayansu.

Ban sake ganinsa ba sai da kaka. Ina zaune a nan sai na ji sallama, ga shi ya tuɓe takalma a waje. Ya ƙara ramewa, hannuwansa duk kaushi da yankan kara. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi gida. Ya ce gida har yanzu ba ya komuwa. Na ce to me ake ciki? Ya ce ƙwadago yake yi, duk wanda ke neman masu yankan dawa a wajen Dayi sai ya bi.

Ya ce, "Malam Garba, na zo ne in gaya maka ta fito. Tun daga bakin titi nake hango ta a gonakin mutane. Wasu ma sun ce za su ajiye iri."

Na ce, "Alhamdu lillahi."

Ya ce, "Shekaranjiya aka ɗauke mu yanka a gonar wani bawan Allah. Ina shiga na ga ita ce, gona guda cur. Na kama zangarniyar farko ke nan sai mai gonar ya taho da sauri, ya zaro takardar nan taka daga aljihu, ya nuna mini. Ya ce, 'Baba, a yi a hankali, kada a zubar. Wannan ba irin dawar da ka saba yanka ba ce.'"

Na ce, "Me ka ce masa?"

"Na ce to."

Na ce, "Haba Baba! Ba ka gaya masa ko kai wane ne ba?"

Ya girgiza kai. "In na gaya masa, kunya za ta kama shi, ya karɓe wuƙar, ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Ni kuwa so nake in yanka."